DARASIN WANNAN WATA: Maganin Zafin Fitsari Na Kwalba, Amfaninsa Da Hatsarinsa

Darasinmu na wannan wata ba a kan iri ko taki yake ba. A kan wata kwalbar magani ne, wadda na lura tana cikin akwatin magani na ƙungiyoyi da yawa da nake ziyarta, tana kuma cikin ɗakunan mutanenmu. A jikin kwalbar an rubuta "Mist. Pot. Cit." ko kuwa "Potassium Citrate Mixture". 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru za su ga an rubuta "citrate de potassium". Mu a nan za mu kira shi fotasiyam sitiret. A ƙauye kuwa maganin zafin fitsari aka fi ce masa.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne abin da ya sami wani dattijo na ɗaya daga cikin ƙungiyoyinmu a bazarar bara, lokacin sharar gona. Ba zan faɗi sunansa ba, amma ya yarda in ba da labarin. Shekarunsa sun haura sittin, yana da hawan jini, yana kuwa shan ƙwayoyinsa kullum yadda aka umarce shi. Sai fitsari ya fara yi masa wuya, yana fita kaɗan-kaɗan da raɗaɗi. Kunya ta hana shi gaya wa kowa. Ranar kasuwa ya aiki jikansa kyamis ya sayo masa wannan kwalba. Mai kyamis bai tambayi wanda zai sha ba, yaron kuma bai san abin da zai ce ba. Dattijo ya riƙa tafiya gona da kwalbar, duk sa'ad da ya ji zafi sai ya kafa baki ya kurɓa, ba cokali, ba ruwa. Ga shi kuma yana shan ƙwayar ciwon baya safe da yamma.

Rana ta huɗu ƙafafunsa suka yi nauyi, ya zauna a gindin bishiya ya kasa tashi. Waɗansu suka ce shanyewar jiki ce, waɗansu suka ce sammu. Magatakardan ƙungiya ne ya nace sai an kai shi babban asibiti. Da aka auna jininsa aka tarar fotasiyam ya hau har ya fara taɓa bugun zuciya. Aka kuma gane cewa ainihin ciwonsa shi ne ƙululun nan na maza da ke wuyan mafitsara, ya kumbura ya tare hanya, fitsari ya taru ya koma yana danne ƙoda. An sa masa roba, an yi masa magani, ya rayu. Amma kuɗin da ya tara domin takin damina a asibiti ya ƙare.

Ba na cewa maganin nan mugun abu ne. Magani ne na gaske, likitoci suna ba da shi. Amma yana da mutanen da yake yi wa amfani, yana da waɗanda yake iya kashewa, kuma da ido ba a rarrabe su.

MENE NE SHI?

Wani irin gishiri ne da ake haɗawa daga abu biyu, dukansu kuwa kun san su. Na fari shi ne tsamin da ke cikin lemun tsami. Wani masani a ƙasar Suwidin mai suna Scheele shi ya fara fitar da wannan tsami daga ruwan lemu a 1784. Yau ba daga lemu ake samun yawancinsa ba, a masana'anta ake yinsa daga sukari ko sitacin masara da na rogo. Na biyu shi ne fotasiyam, wanda yake cikin toka. Sunan ma daga toka ya samo asali, gama Turawan dā suna jiƙa toka su tace su dafa ruwan cikin tukunya, kamar yadda iyayenmu mata suke tace ruwan toka domin miya ko sabulu. Humphry Davy na Ingila ne ya fara ware fotasiyam shi kaɗai a 1807. Harafin K da kuke gani a buhun taki na NPK, shi ne wannan fotasiyam ɗin.

Idan aka haɗa su sai a sami farin gari mai kama da sukari, ba shi da wari, yana da ɗanɗanon gishiri, yana narkewa cikin ruwa nan da nan. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa fotasiyam ne zalla. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yadda yake aiki ba shi da wuyar ganewa ga wanda ya taɓa ganin ana miyar yakuwa. In tsami ya yi yawa, uwargida takan jefa ɗan kanwa ko ruwan toka, tsamin ya mutu. Haka nan, idan mutum ya sha wannan magani, jiki yakan juya shi ya zama wani abu mai kashe tsami, ƙoda ta fitar da shi, sai tsamin fitsari ya ragu. Fitsarin da ba shi da tsami sosai ba ya yi wa hanyar da ta yi rauni raɗaɗi kamar dā. Shi ya sa mutum yake jin sauƙi.

Amma fa sauƙin raɗaɗi ne kaɗai. Maganin ba ya kashe ƙwayar cuta ko guda, ba ya kashe tsutsa, ba ya buɗe hanyar da ta toshe. Babban aikinsa na gaske shi ne hana waɗansu irin tsakuwa taruwa cikin ƙoda. A Amurka an amince da ƙwayarsa domin wannan aiki a 1985, bayan binciken da Dokta Charles Pak da abokan aikinsa suka yi a birnin Dallas. Likita yakan ba da shi ga wanda aka tabbatar yana da irin wannan tsakuwa, yana kuwa auna jininsa lokaci lokaci.

INDA HATSARIN YAKE

Jikin mutum yana bukatar fotasiyam. Da shi jijiyoyi suke motsi, da shi zuciya take bugawa a kan ƙa'ida. Muna samunsa cikin wake, doya, dankali, gyaɗa, tumatir, ayaba, alayyahu da zogale. Ga mai lafiya waɗannan abinci alheri ne, har suna taimaka wa mai gudun hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2012 cewa babban mutum ya samu aƙalla giram 3 da rabi kowace rana daga abinci.

Kusan dukan fotasiyam na jiki yana ajiye ne cikin tsoka da sauran nama. Wanda yake yawo cikin jini ɗan kaɗan ne ƙwarai, kuma tilas ya tsaya tsakanin iyaka biyu. A ma'aunin asibiti, daga 3.5 zuwa 5.0 shi ne daidai. In ya haura 6, zuciya tana cikin hatsari, tana iya rikicewa ta tsaya. Dukanmu mun san abin da yake faruwa idan aka zuba takin yuriya da yawa a gindin masara. Abin da zai ciyar da ita shi ne yake ƙone ta.

Wa yake tsare wannan iyaka? Ƙoda ce. Kusan kashi tara cikin goma na fotasiyam da yake fita daga jiki ta fitsari yake fita. Ku ɗauki ƙoda kamar magudanar madatsar ruwa. Muddin magudana a buɗe take, kome yawan ruwan sama, rarar za ta wuce. In ta toshe, ruwa kaɗan ma ya isa ya fasa madatsa.

Yanzu bari mu yi ɗan lissafi. A haɗin da aka fi sani, wanda aka tsara bisa littafin magunguna na Ingila, kowane mililita 10, watau ƙaramin cokalin shayi biyu, yana ɗauke da giram 3 na wannan gishiri. Kashi ɗaya cikin uku da ɗan ɗori na giram 3 ya zama giram 1 da 'yan kai na fotasiyam. Wannan daidai yake da abin da ke cikin ayaba biyu da rabi. Ƙa'idar babban mutum ita ce mililita 10 sau uku a rana. Ke nan mai bin ƙa'ida ma yana ƙara wa jikinsa fiye da giram 3 a rana, kusan abin da abincin yini guda yake bayarwa, a kan abincin da ya riga ya ci. To, ina ga mai kafa baki a kwalba? Kurɓa ɗaya ta babban mutum takan kai cokali huɗu ko biyar. Kuma na abinci a hankali yake shiga jini, na kwalba kuwa gaba ɗaya yake shiga.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, sau da yawa hawan fotasiyam ba ya nuna alama sai abu ya yi nisa. In alama ta zo, ga yadda take: kasala marar dalili, ƙafafu su yi nauyi, hannu ko ƙafa ko kewayen baki su riƙa yin kamar tafiyar tururuwa, zuciya ta riƙa bugawa a hankali ko tana tsallake. Manomin da ya wuni cikin rana zai ce gajiya ce.

WAƊANDA BAI KAMATA SU SHA BA

Na farko, duk wanda aka taɓa gaya masa cewa ƙodarsa tana da rauni. Matsalar ita ce ciwon ƙoda yakan daɗe a ɓoye, mutum yana noma yana cin tuwo bai sani ba. Hawan jini da ciwon sukari su ne manyan abubuwan da suke cin ƙoda a hankali. Saboda haka mai ɗaya daga cikinsu, da duk wanda ya manyanta, da wanda fuskarsa take kumbura da safe ko ƙafafunsa da yamma, kada ya taɓa wannan kwalba sai an auna jininsa. 'Yan'uwanmu na wajen Gashuwa a Jihar Yobe, inda aka daɗe ana kuka da yawan ciwon ƙoda, su ƙara kulawa.

Sa'an nan wanda fitsarinsa ya ragu ko ya tsaya, kamar dattijon nan namu. Da wanda ruwan jikinsa ya ƙare saboda zawo, ko amai, ko aiki cikin zafin Maris da Afrilu ba tare da shan ruwa ba, gama ƙodar da ba ta sami ruwa ba, ba ta iya fitar da kome. Da mai ciwon zuciya. Da mai gyambon ciki, domin gishirin yana cin bangon ciki. Mace mai ciki da yaro kuwa, ba a saya musu wannan magani da ka. A kai su ga ma'aikacin lafiya.

Akwai kuma magungunan da ba sa shiri da shi. Zan rubuta sunayensu yadda suke a jikin kwali, domin ku gwada da naku. Cikin magungunan hawan jini akwai waɗanda suke sa ƙoda ta riƙe fotasiyam: lisinopril, enalapril, captopril, da 'yan'uwansu masu ƙarewa da "pril", losartan da masu ƙarewa da "sartan", spironolactone, da amiloride, wanda yake cikin ƙwayar nan Moduretic da mutanenmu da yawa suke sha. Waɗannan magunguna ne masu kyau, kada wani ya karanta wannan ya daina shansu. Kwalbar ce za a bari, ba su ba.

Ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda wasunmu suke haɗiya kamar gyaɗa a lokacin huɗa, suna rage jinin da yake zuwa ƙoda. Septrin ma, wanda sunansa na asali co-trimoxazole ne, yana ɗaga fotasiyam, ga shi kuwa masu kyamis sukan haɗa wa mutum shi tare da kwalbar idan ya ce yana zafin fitsari. Akwai kuma masu shansa kullum bisa umarnin asibiti. Farin ruwan maganin ƙwannafi wanda aka rubuta aluminium a jikinsa, shi ma kada a haɗa, domin sitiret yana sa hanji ya tsotsi ƙarfen fiye da kima. Gishirin nan da ake sayar wa masu hawan jini a madadin gishirin miya, yawancinsa fotasiyam ne.

Ku duba labarin dattijonmu kuma. Shekaru, hawan jini, ƙwayar hawan jini, ƙwayar ciwon baya, zafin rana, hanyar fitsari a toshe, da kurɓa ba awo. Abu bakwai suka taru a kan mutum ɗaya, ba kuwa ko ɗaya cikinsu da yake baƙo a ƙauyukanmu.

ABIN DA ZAFIN FITSARI YAKE ƁOYEWA

A nan nake so mu daɗe kaɗan, gama ko mutumin da ƙodarsa take lafiya lau, maganin yana iya cutarsa ta wata hanya, watau ya rufe masa baki ya hana shi neman magani na gaske. Zafin fitsari ba ciwo ba ne shi kansa, ƙararrawa ce. Wanda ya cire harshen ƙararrawa bai kashe gobara ba.

Mu da muke noman shinkafa da aikin fadama, da 'ya'yanmu masu wanka a kududdufi, abin da ya kamata mu fara tunawa shi ne tsargiya. Tsutsa ce take kawo ta, wadda take girma cikin ƙananan dodon koɗi na ruwan da ba ya gudu sosai, ta huda fatar mutum ta shiga, ta je ta zauna a jijiyoyin mafitsara tana zuba ƙwai. Alamarta ita ce jini a ƙarshen fitsari, sau da yawa da zafi. A waɗansu ƙauyuka an saba da ita har ana ɗauka alamar balaga ce ga yaro namiji. Ba haka ba ne. In ta daɗe tana lalata mafitsara, tana toshe hanyar da ta taso daga ƙoda, har takan kai ga ciwon daji na mafitsara. Maganinta ƙwaya ce mai suna praziquantel, ana bayarwa bisa nauyin mutum ko tsawonsa, ita ce ake raba wa yara a makarantu. Ku lura da wannan: mutumin da ya shekara da shekaru da tsargiya shi ne mai yawan neman kwalbar nan, shi ne kuma wanda mai yiwuwa ƙodarsa ta riga ta raunana.

Na biyu, ciwon sanyi da ake ɗauka ta wurin saduwa. Na san maganar tana da nauyi a taron ƙungiya, amma gara a faɗa. Kwalba za ta rage raɗaɗi, ƙwayar cutar kuwa tana nan, mutum ya kai wa iyalinsa. Ƙarshenta mace ta rasa haihuwa, namiji kuma hanyar fitsarinsa ta tsuke bayan shekaru. Maganinsa sai a asibiti, miji da mata tare.

Na uku, ƙwayoyin cuta na mafitsara, waɗanda suka fi kama mata. Ga macen da ba ta da ciki, ba zazzaɓi, ba wani ciwo, a nan ne aka saba ba da wannan magani domin rage zafi, na kwana biyu kawai, tare da shan ruwa da yawa. In kwana biyu suka wuce ba sauƙi, sai asibiti. In kuwa akwai zazzaɓi, ko rawar sanyi, ko ciwo a kwiɓi ta baya, ko amai, ko jini, to cutar ta hau zuwa ƙoda, ranar nan za a tafi, ba gobe ba. Ga mai ciki irin wannan cuta tana iya tayar da naƙuda kafin lokaci. Akwai ma ƙwayoyin cutar da suka fi jin daɗin fitsari marar tsami, har su gina tsakuwa a ciki. Kuma maganin nitrofurantoin da ake bayarwa domin wannan ciwo ya fi aiki cikin fitsari mai tsami, saboda haka shan kwalbar tare da shi rage masa ƙarfi ne.

Namiji kuwa, yaro ko babba, in ya ji zafin fitsari, a auna shi tukuna.

IDAN LIKITA NE YA RUBUTA

Ka gaya masa dukan abin da kake sha, har da na gargajiya. Mafi kyau ka zuba su cikin leda ka tafi da su. Ka auna da murfin awo ko ƙaramin cokalin shayi, ba cokalin cin shinkafa ba. Ka karanta takardar jikin kwalba, domin ƙarfin haɗin kamfanoni ba ɗaya ba ne. Ka zuba cikin kofi cike da ruwa ka motsa, ka sha bayan cin abinci. Shansa tsura cikin ciki wofi yana kawo tashin zuciya da murɗa da zawo. Idan ƙwaya aka ba ka, ka haɗiye ta ɗungum da ruwa mai yawa, kada ka tauna ko ka daka, gama an yi ta domin ta narke sannu a hankali. Kada ka kwanta nan take. In ka manta da na safe, kada ka ninka da rana. In ka ga bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta, ko ka yi aman jini, ko ciki ya yi ciwo mai tsanani, ka daina nan da nan ka koma asibiti.

A ajiye kwalba a rufe, a inuwa, a sama inda hannun yaro ba ya kai. Ruwan yana da ɗan zaƙi da ƙanshin lemu, yaro ba zai san magani ba ne. Kada a juye shi cikin gorar lemun kwalba. A Nijeriya a duba lambar NAFDAC da ranar da zai lalace kafin a biya kuɗi.

Idan yaro ya shanye, ko babba ya sha fiye da kima, ko alamun nan da na faɗa suka bayyana, kada a tsaya ɗura manja ko madara, kada a sa yatsa a maƙogwaro. In yana cikin hankalinsa a ba shi ruwa kaɗan, a ɗauki kwalbar da sauran magungunansa, a nufi asibitin da yake da ɗakin auna jini. A can suna da allurar da take kare zuciya, da ƙarin ruwa na sukari da insulin wanda yake mayar da fotasiyam cikin nama, in abin ya yi tsanani kuma a yi wankin ƙoda. Ko mutumin yana cewa ya ji sauƙi, a tafi.

MASU SUNA IRI ƊAYA

Wata rana a wani ɗakin ajiya na ƙungiya na tarar da ƙullin leda biyar a kan shiryayye ɗaya, duka farin gari, ba rubutu a kan ko ɗaya. Ma'aji ya ce shi ya san kowanne. Na ce, ranar da ka tafi biki fa?

Garin fotasiyam sitiret shi kansa ba shi da mugun dafi a hannu. Masu yin lemun kwalba da kayan gwangwani suna sa ɗan kaɗan domin daidaita tsami, a jikin kaya sukan rubuta shi da lamba E332, wannan kuwa ba abin tsoro ba ne. Mai aiki da garin ya guji ƙurarsa. In ta shiga ido a wanke da ruwa mai tsabta minti goma sha biyar, in ta taɓa fata a wanke da sabulu. Yana jan laima daga iska ƙwarai, in aka bar shi a buɗe da damina sai ya jiƙe ya narke, saboda haka a rufe shi cikin roba mai murfi. Kada kuwa wani ya sayi garin ya ce zai haɗa maganin da kansa a gida. Cokali ɗaya na gari ya fi cokali ɗaya na ruwan kwalba ƙarfi nesa ba kusa ba.

Amma akwai 'yan'uwansa da suke ɗauke da rabin sunan, halinsu dabam. Takin fotash na buhu, ja ko fari, na gona ne, ba na ciki ba. Wanda mata masu yin sabulu suke saya, da sodar sabulu, suna ƙone baki da maƙogwaro, yaron da ya sha yakan rayu da maƙogwaro a tsuke. Akwai mai launin shuɗi-ja da ake narkawa domin wanke miki, shi ma ba a sha. Akwai wanda yake cikin albarushin maharba. Kalmar "potassium" a jikin kaya ba ta nuna cewa abu ɗaya ne ba. Kalma ta biyu ce take faɗin ko wane ne.

Kanwa fa? 'Yan kudu da masu Turanci suna kiranta "potash", har waɗansu suna ɗauka ita ce wannan magani, su jiƙa su sha domin zafin fitsari. Kanwar da ake kawowa daga wajen Tafkin Chadi da ƙasar Manga yawancinta sodiyam ce, dangin gishirin miya, ba fotasiyam ba. Shanta da yawa yana ɗaga jini. Likitocin Zariya sun nuna tun cikin shekarun 1970 cewa yawan kunun kanwa tare da zafin wankan jego yana da hannu cikin ciwon zuciya na masu jego.

Kada kuma wannan darasi ya sa wani ya ji tsoron ruwan gishiri da sukari na fakiti, watau ORS. Za ku ga kalmomin nan biyu a jikinsa, amma ba a haɗe ba, kuma ɗan kaɗan ne, giram 1 da rabi na gishirin fotasiyam cikin lita guda, domin mayar da abin da zawo ya kwashe. Wannan shi ne mai ceton yara, a ci gaba da ba su.

Game da tsakuwar ƙoda, abin da ya fi kwalba sauƙi yana cikin randa. Manomi ya tafi gona da ruwa isasshe, ya sha har fitsarinsa ya zama fari-fari, ba ja kamar shayi ba. Wanda ya taɓa yin tsakuwa ana so ya fitar da fitsari lita 2 zuwa 2 da rabi a yini. A rage gishiri da dunƙulen miya. Matsa lemun tsami cikin ruwan sha yana ba da irin tsamin nan da yake hana tsakuwa, bishiyar kuwa tana bayan gidan yawancinmu.

AIKIN TARO

A taronku na gaba, bayan an karanta wannan darasi da ƙarfi domin waɗanda ba sa karatu, mai riƙon akwatin magani ya kawo akwatin gaban jama'a a buɗe. In akwai wannan kwalba a ciki, a fitar da ita a mayar wa malamin asibiti na kusa da ku. Shawarata ita ce kada ƙungiya ta ƙara sayenta. Ma'aji ya rubuta suna a kan kowane ƙulli da ke ɗakin ajiya, wanda ba a san ko mene ne ba a ware shi har malamin gona ya zo. Masu shan maganin hawan jini su zo da kwalayensu, wani mai karatu ya gwada sunayen da waɗanda na rubuta a sama. Mata su zauna dabam da shugabarsu su yi maganar zafin fitsari, gama na san ba za su yi ta gaban surukansu ba. Magatakarda kuma ya rubuta yawan yaran da iyayensu suka ce suna fitsarin jini, ba tare da suna ba, ya ba ni lissafin idan na zo, domin in kai wa ma'aikatan lafiya na ƙaramar hukuma mu roƙi a zo a auna su.